Yadda Na Shiga Madina da Bindiga a Cinya

Tun da na dawo bakina bai huta ba. Tabawa ta zo na ba ta labari, Asabe ta zo na sake, Ladi mai ƙosai ta zo ta koma ta dawo, wai na farko hayaƙi ya hana ta ji. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne jiya a gidan suna na ji ana cewa wai an kama ni a Makka da buhun bindigogi. To ba Makka ba ne, hanyar Madina ce. Bindigar kuma ɗaya ce, kuma ba tawa ba ce. Wadda ba ta iya karatu ba ta nemi mai karanta mata. Rubutun kuwa ku yi haƙuri da shi, na yaƙi da jahilci ne.

Kun san ni, ban da Haɗeja sai Kano, Kanon ma don asibiti. Ko kasuwa aike nake yi. Amma da maigidana Malam ya ce bana za mu yi umara, mu wuce Madina mu ga ɗan baffana, ban yi gardama ba. Baffan nan nawa tun kafin a haife ni ya tafi a ƙafa ta Cadi da Sudan, ya isa, ya zauna, ya yi aure, ya rasu can. Ɗansa Habu a Madina aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoto, sai kaset ɗin gaisuwa da yake aiko mana ta hannun alhazai, rabinsa gaisuwa rabinsa tari. Ya girme ni, don haka Yaya Habu nake cewa.

Jirgi dai mutum ya yi alwala kafin ya shiga, shi ne shawarata. Wata mata daga Gusau da ta zauna kusa da ni ta gaya mini wai bayin jirgi yana zuƙe mutum, ta san wadda ya zuƙe wa zane. Saboda haka daga Kano har Jidda ban sha ko ɗigon ruwa ba. Ita kuwa mai ba ni labarin ta sha nata, ta sha nawa, ta shiga bayin ta fito da zanenta lafiya.

A Jidda na fara ganin abin da ake kira takarda. Ta allura daban, ta shiga daban, ta fita daban, kowacce da mai buga mata hatimi, kowane mai hatimi da fushinsa. Sai aka zo kan kaya. Jami'in ya kwance ƙullin daddawar da na riƙo wa matar Yaya Habu, ya kai hanci, ya ja da baya har ƙyallen kansa ya zame. Ya kira ɗan'uwansa shi ma ya zo ya sansana, kamar dai ba ya son ya sha wahalar shi kaɗai. Suka hau Malam da tambaya. Malam kuwa Larabcinsa na littafi ne, yana yi musu na tafsiri suna yi masa na kasuwa, ba mai jin wani. Da na ga abin zai ɗauki rana sai na gutsiri daddawar na jefa a baki na tauna ina kallonsu. Na farkon ya ɗaure ƙullin da kansa, ya yi mini hannu alamar in tafi, in yi nisa.

Umara mun yi ta lafiya, Allah ya karɓa, wannan ba abin surutu ba ne. Daga nan muka hau mota sai Madina. A hanya ana tsayawa a wasu rumfuna masu dogayen gadajen igiya, ka hau ƙafarka na lilo, a kawo maka shayi a ɗan kofi kamar murfin kwalbar turare. Na shanye nawa a kurɓa ɗaya na zauna jiran shayin.

Gidan Yaya Habu yana Uhudu, dutsen na bayansu. Shi dogo ne, mai sanyin magana, kamar Baffa a hoto. Aikinsa tuƙa motar makarantar 'yan mata, aikin da ba a ba kowa sai wanda aka tabbata ko kaza bai taɓa takawa ba. Matarsa Rakiya gajeriya ce mai dariya, ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu dama da hagu da dama, ni dai na tsaya kamar turmi. Can haka ake gaisuwa, har maza. 'Ya'yansu suna jin Hausa sarai, amma sai ka yi musu magana su mayar maka da Larabci, kamar ka ba mutum goro ya ba ka dabino. Ammati suke ce mini, wato gwaggo.

Abinci kuwa shinkafa ce tsirara, ba miya, a zuba a faranti ɗaya a ɗora nama a ka. Da safe wake da aka dama da burodi mai faɗin faifai. Ba laifi, amma ran da na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka da daddawar nan da ta tsira daga Jidda, har maƙwabta suka aiko da kwano. A nan ne na lura da wani abu. Mutumin da ya yi ta roƙon kuka a kaset, an ajiye masa ita a gabansa, ya yi loma kaɗan ya tsame hannu. Na ce a raina, wannan ba miyata ba ce, miyata ba ta taɓa yin laifi ba.

Malam shi tun asuba ya tafi masallaci sai dare, ni nake wuni a gida. Bangonsu kuwa ba kauri. Wata rana bayan la'asar na ji Yaya Habu da Rakiya suna faɗa ƙasa-ƙasa. Da Larabci suke yi don kada in ji, amma Hausa takan leƙo kamar ƙafar mai barci daga gajeren bargo. Na tsinci bindiga. Na tsinci Tsoho. Na tsinci kunya, ita kam ta fi fitowa. Da ya fita na tarar da Rakiya a kicin tana yanka albasa, ta samu abin fakewa.

Na ce, "Rakiya, albasar nan tun ɗazu ta ƙare. Wane tsoho, wace bindiga?"

Ta ce, "Yaya, kunnenki sai ka ce na zomo."

"An sha faɗa. Zauna."

Ga abin da ta gaya mini. Yaya Habu yana da bindigar farauta tun yana saurayi, da lasin ɗinta, su ruhusa suke cewa. Shekarun baya mahaifin Rakiya, Baba Idi, wanda ke kiwon awaki a bayan garin Yanbu, ya zo ziyara ya gan ta a rataye. Ya ce wa 'yarsa dila yana ƙarar masa da 'yan awaki. Rakiya ta gaya wa mijinta. Mijin ya ce ta kai wa Tsoho kyauta. Tsoho ya ce shi ba ya karɓar kyauta mai nauyi haka daga hannun suruki, ya ba Rakiya kuɗi ta kai. Mijin ya mayar. Tsoho ya sake mayarwa. Haka ta yi ta zirga-zirga tsakanin ɗaki da zaure har ciniki ya faɗa, mai saye da mai sayarwa ba su ga juna ba. Don tun da aka ɗaura aurensu Yaya Habu bai taɓa zama tabarma ɗaya da Baba Idi ba, bai taɓa kallon idonsa ba, sunansa kuwa ko a mafarki.

Na ce, "To madalla, haka ake yi. Ina laifin?"

Ta ce, "A nan bindiga tana da lamba a jikinta, lambar tana cikin littafin hukuma da sunan mai ita. In ka sayar sai ku je ofis ku biyu a rubuta ka sallama, shi ma a ba shi tasa ruhusar. In ba haka ba, duk abin da ta yi kai ka yi."

Na ce, "Ashe kamar mace ce. In ba ka rubuta saki ba, ko tana Gabas matarka ce."

Ta yi dariya tana share hanci. Mu a nan ina muka san wannan? Maharbi ya je wurin maƙeri a ƙera masa, in ya gaji da ita ya sayar a gindin tsamiya, a ce Allah ya sa albarka, a tashi. Bindigar garinmu ba ta da suna, ba ta da uba.

To yanzu hukumarsu ta tsananta, an ce duk mai bindiga ya kawo a gani. Yaya Habu ya je hannu rabbana. Aka ce ina take, ya ce ya sayar. Aka ce wa, ya ce wani bawan Allah. Aka ce bawan Allah ba shi da suna? Ya sunkuyar da kai. Suka rubuta cewa ya ƙi faɗa, suka ba shi zuwa Asabar ya kawo bindiga ko ya kawo mai saye. In bai kawo ba za a tsare shi, a rubuta wa makaranta. Wanda kuwa aka taɓa tsarewa a kan bindiga ba zai ƙara tuƙa 'ya'yan mutane ba.

Na ce, "Ki aika wa babanki mana."

"Ya hana ni. Ya ce shi ya ja surukinsa gaban 'yan sanda? Gara a rufe shi. Ya ce in na buɗe baki bai yafe ba."

"Ke ya hana."

Ta dube ni.

Na ce, "Ni ban auri 'yar kowa ba. Babanki mutumin ina ne asalinsa?"

"Katsina."

Wallahi sai da na ji wani daɗi har ƙafata. Bakatsine, abokin wasanmu Haɗejawa. Na taso tun daga Haɗeja ashe bawana na nan yana kiwon awaki a bakin teku ban sani ba. Na ce mata gobe za ta raka baƙuwa ganin teku, ta gaida mahaifinta, bakinta a rufe kamar yadda mijinta ya ce. Sauran aikin nawa ne.

Malam ya so ya ƙi. Ya ce shi ziyara ya zo, ba yawon ganin ruwa ba, ruwa ai akwai a Haɗeja. Na ce to in tafi ba muharrami, in aka tambaya in ce yana masallaci. Ya ɗauki carbinsa ya shiga tasi yana huci. Zancen bindiga ban gaya masa ba, don Malam in ya san abu fuskarsa ma tana faɗa.

Hanyar Yanbu duwatsu ne baƙaƙe, sai raƙuma masu tsallaka titi ba sallama. Garin kuwa ana kan gina shi, ko'ina ƙarfe, ko'ina ƙura, ga wata doguwar sanda da wuta ke ci a kanta dare da rana ba mai dafa komai. Na ga mutane iri-iri, har da wasu gajeru masu hular kwano, Rakiya ta ce daga Koriya suke. Tekun na gan shi. Ruwa ne mai yawa wanda ba a sha, ba a wanki da shi, ba a ban ruwan albasa. Na ce a kai ni wurin awaki.

Baba Idi tsoho ne siriri, gemu fari, ido kamar na shaho. Muka same shi yana yayyaga kwali yana ba awaki, suna ci kamar harawa. Rakiya ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ga ƙanwar maigidanta daga Haɗeja. Ni kuwa ina tsaye.

Ya ce, "Daga ina?"

Na ce, "Daga gidan iyayen gijinka. Ba ka iya gaisuwa ba ne, ko tekun ya cinye ladabin?"

Rakiya ta dafe ƙirji. Malam ya ce subhanallahi. Tsohon ya ajiye kwali, ya dube ni sama da ƙasa, sai ya fashe da dariya har yana riƙe gini.

Ya ce, "Shekara nawa rabona da ganin baiwata. Wa ya biya maki kuɗin jirgi, ko a cikin kaya aka sako ki?"

Ya sa aka dafa mana shinkafa da kifin teku. Na ce kifin nan gishiri ya riga mai girki shiga, ya zo Haɗeja ya ga kifi. Ya ce Bahaɗeje ai da kifi aka yi masa wankan jego, shi ya sa ƙarni ba ya barinsa. Muka yi ta yi har aka kwashe kwanuka. Na bari sai da ya kurɓi shayi, sannan na ce, "Ina bindigar da ka saya? An ce kai ne sarkin maharban Yanbu."

Ya ce tana nan ƙarƙashin gado. Na ce dila nawa ta kashe. Ya ce sau ɗaya ya harba, dilan ya wuce, amma duron ruwansa bai wuce ba. Ya nuna mini duron, ga huji an toshe da tsumma.

Daga nan na zayyana masa komai, tun daga ofis har Asabar. Rakiya tana gefe kanta a ƙasa, bakinta a rufe, Allah ya shaida. Malam kuwa carbinsa ya tsaya cak, ya juyo yana kallona.

Baba Idi ya ce, "Ya gwammace a rufe shi da ya ambace ni?"

"Haka ya ce."

"Yaron ga yana da tarbiyya."

"Tarbiyyar za a dafa wa jikokinka in an kore shi?"

Ya ce, "Ke ba ki gane ba. Bai aiko ba. In na tashi na je, na nuna mashi na san ya shiga matsala ta dalilina. Da wane ido zai dube ni?"

Na ce, "Da wane ido yake dubanka yanzu? Mutumin da bai san ko kana da hanci ba."

Ya ce a'a, a bari a ga abin da Allah zai yi. Na ga dai kunyar nan ta kama su biyu kamar ƙaiƙayi. Sai na miƙe na kakkaɓe zane, na ce wa Rakiya mu tafi, na samu tsarabar da zan kai gida. Na ce tun ina yarinya ake cika mana kunne wai Katsinawa kunya gare su ba tsoro ba. Yau na zo na gani da idona, tsoron ɗan sanda ne aka ɗaura masa rawani ake ce masa kunya. Na ce har gidan suna sai na ba da labarin.

Ya ce, "Ni Idi? Tsoro?"

Ya shiga ɗaki ya fito da bindigar. Doguwa ce, ta yi ƙura. Da ya so mu kama hanya a lokacin, sai da Malam ya ba shi haƙuri muka kwana. Ni da Rakiya a ɗakin matarsa, sauro na teku kuwa ba ya kuka, aiki kawai yake yi.

Da safe ya naɗe bindigar a tabarma, ya ɗaure da igiya, muka shiga tasi. Ya ce ba za a sa ta a but ba, kada ta ƙara lalacewa. Ya miƙo mini ita baya ya ce, "Riƙe. Baiwa ke ɗaukar kaya." Haka na zauna da ita a cinya, kanta ɗaya wajen taga, gindinta a kan Rakiya. Malam ya matse jikin ƙofa yana karanta duk abin da ya haddace.

Kusa da Madina akwai shingen 'yan sanda. Askari ya leƙo, ya duba takardunmu, ya mayar. Har ya juya, sai ya nuna tabarmar ya yi tambaya. Ni na ɗauka tsohon zai ce tabarma ce, don ba ƙarya ba ne, tabarma ce. Sai ya gyara zama ya faɗa da ƙarfi da Larabci, kalmar ma kusan irin tamu ce, ko ni na gane. Ya waigo ya ce mini, "Kin ga tsoro?"

Kafin ka ce kwabo an kewaye motar. Direba ya fita yana rantsuwa bai san mu ba. Aka ce kowa ya sauka ban da ni, kada in motsa. Ina zaune da abu a cinya, hancina yana ƙaiƙayi, ba halin sosawa. Baba Idi ya yi musu bayani, Rakiya ta nuna ruhusar mijinta da ta ɗauko a ɓoye. Suka karɓi bindigar, suka duba ba harsashi, suka yi magana a rediyonsu. Ƙarshe aka ce mu bi su. Mota ɗaya a gaba, ɗaya a baya, fitila na juyawa. Haka na shiga Madina kamar matar gwamna. Asabe, ke da kika ce ko Kano ba zan iya zuwa ni kaɗai ba, ki ji.

A ofis aka zaunar da ni da Rakiya a benci bakin ƙofa, tunda a hannuna aka samu kayan. Baba Idi da Malam suna ciki a kujera. Mai binciken wani matashi ne baƙi kamar ni, da ɗan gashin baki. Na ce wa Rakiya, "Dubi wanda zai ɗaure Yaya Habu, gashin bakin ɓera ya fi nasa."

Bai ɗago daga rubutu ba ya ce, "Na ji, Gwaggo."

Ashe kakarsa mutuniyar Damagaram ce. Hausar tana kunnensa, bakin ne ya ƙi. Sauran maganarsa da Larabci ya yi, Rakiya tana juya mini.

Aka aika aka ɗauko Yaya Habu daga wurin aiki. Ya shigo da sauri, ya gan ni, ya ga matarsa, ya ga bindiga a kan tebur. Sannan ya ga wanda ke zaune. Sai ya ja da baya, ya tuɓe takalma a bakin ƙofar ofishin hukuma, ya tsuguna kusa da kwandon shara, kansa a ƙasa, ya yi gaisuwa da muryar da ko ni da kyar na ji. Baba Idi ya amsa yana kallon silin. Mai binciken ya ce ya tashi ya hau kujera. Kujerar da ta rage kuwa tana manne da ta surukinsa. Ya ce nan ma ya isa.

Aka duba lambar bindiga, ta yi daidai da ta littafi. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Ashe ba a fara ba.

Mai binciken ya ce, "Wa ka sayar wa?"

Yaya Habu ya ce, "Ga shi nan zaune."

"Sunansa."

"Yana cikin takardarsa, ranka ya daɗe."

Yaron ya ajiye biro. Ya ce ya san abin da ake ciki, kakarsa har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan babansa ba, don shi ne ɗan fari. Amma a takardar farko an rubuta cewa an tambayi mai bindiga ya ƙi faɗa, kuma takardar ta riga ta hau sama. Ba abin da zai goge ta sai mai bindiga ya faɗa da bakinsa, gaban mai saye, gaban shaidu, a rubuta. In bai faɗa ba, shi ba shi da ikon sakinsa yau.

Na ce, "Ni in faɗa mana. Idi ne, bawana ne, na san shi."

Ya ce ba ni na sayar ba.

Baba Idi ya ce to shi bari ya fita waje. Aka ce ba a yi sai yana nan.

Yaya Habu ya ce, "A rufe ni."

Rakiya ta fara kuka a cikin mayafi, irin kukan da ba sauti sai kafaɗa. Malam ya matsa ya yi masa nasiha, ya jawo aya ya jawo hadisi, cewa ba haramun ba ne mutum ya faɗi sunan surukinsa. Yaya Habu ya ce ya sani, Malam, ba haramun ba ne, bakin ne ba ya iyawa. Na kawo tsoho, na kawo bindiga, na sha rakiyar 'yan sanda, ga shi za a rufe mutum a gabana a kan kalma biyu. Mai binciken ya duba agogo, ya jawo wata takardar daban.

Sai Baba Idi ya yi gyaran murya. Bai dubi surukinsa ba, 'yarsa ya kira.

Ya ce, "Rakiya, gaya ma maigidanki ya zagayo ta hagu. Tun ran da na harba abin ga kunnen nan ya mutu. Ko ganga aka buga ta nan ba ni ji. Ban faɗa maku ba ne don kada ku kai ni asibiti."

Ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, ya sa tafin hannu ya toshe kunnen dama.

Yaya Habu ya ɗago ya dubi matarsa. Ta gyaɗa kai. Ya ja jiki a tsugune ya zagaya ta hagu, zufa na ɗiga daga gemunsa. Mai binciken ya miƙo kai ta saman tebur. Sannan ya faɗa, a hankali, kamar mai cire ƙaya: Idrisu ɗan Mamman. Yaron ya rubuta. Tsohon bai motsa ba sai da Rakiya ta je ta taɓa kafaɗarsa.

Sauran duk aikin tawada ne. Yaya Habu ya sa hannu ya sallama, Baba Idi ya dangwala yatsa, Malam ya yi shaida, ni ma aka dangwala nawa ban san dalili ba. An ci su tara, kowa da tasa. Bindigar aka riƙe ta sai tsohon ya nemi ruhusa da sunansa, ya ce su riƙe har abada, ya gaji da toshe duro. Makaranta ba a rubuta mata komai ba.

Da muka fito, Baba Idi yana gaba yana goge yatsa a riga, na bi ta hagunsa. Na rage murya ƙasa sosai, yadda ko Rakiya da ke kusa ba ta ji ba, na ce, "Yau dai an buga wa bawana lamba, ya shiga littafin hukuma."

Bai waigo ba, leɓensa ma da kyar ya motsa. Ya ce, "Rufe mani baki, baiwar banza. Yana bayanmu."

Na waiga. Yaya Habu na can baya da takalmansa a hannu, yana jira surukinsa ya yi nisa kafin ya saka. Na rufe bakina, kuma kun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Daren nan Yaya Habu ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Saboda haka duk wadda Allah ya kai ta Madina a cikinku, ta je Uhudu ta gaishe shi, ta riƙa masa kuka da daddawa. Zancen kunne kuwa ta bar shi a Haɗeja.